Yadda za ka ziyarci Cape Coast da Elmina ba tare da ka yi asarar kuɗin motarka ba

Yawancin mutanenmu in sun je Ghana to Akra ce iyakarsu, a sauka Nima ko Mamobi wajen 'yan uwa, in harkar kasuwa ce a wuce Kumasi, shikenan a juyo gida. 'Yan kaɗan ɗin da ke cewa bari mu leƙa Cape Coast mu ga inda Turawa suka riƙa tara bayi, su ma sammako suke yi daga Akra su isa rana ta take, a shiga gini ɗaya a gurguje, a ɗau hoto a bakin ƙofa, kafin la'asar direba ya fara danna hon. Wannan kam wahalar da kai ne kawai da ƙona mai. Wurin nan yana son a kwana, kwana biyu aƙalla, uku in da hali, saboda garuruwa biyu ne a jere, Cape Coast da Elmina, ga teku a gabansu ga daji a bayansu, kuma abin da ke cikin gine-ginen nan ba irin wanda mutum zai gani ya fito ya faɗa mota nan take ba ne.

Mu fara da takardu. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo ɗinka na ECOWAS ya wadatar, kwana 90 kake da su. Amma katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, kar ka kuskura ka bar gida ba shi, kuma ka je asibiti a yi maka allurar da gaske, ba ka sayi kati a tasha ba. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa tunda ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gara mutum ya tambayi ofishin jakadanci halin da ake ciki kafin ya ɗaure jaka. Mai kuɗin jirgi, Legas zuwa Akra wajen awa ɗaya ne. Mai bin mota kuma boda uku zai tsallaka, Seme tsakanin Najeriya da Binin, Hilakondji tsakanin Binin da Togo, sai Aflao wadda tana manne da Lome, nisan duka bai kai kilomita 500 ba amma yini guda zai ci cur, wani lokacin har dare, saboda tsaye-tsaye da bincike da sauko da kaya a mayar. Shiga babbar bas ta kamfani ya fi sauƙi, su suka san kan boda. Da ka shiga Ghana ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, in ba haka ba za ka tashi sallar asuba kai kaɗai gari na barci. Canjin kuɗi ka yi shi a Akra a wajen masu lasisi, ka nemi ƙananan takardun sidi, kuɗin ƙasar, da yawa, don a can gaba mai tasi da mai kifi ba sa son ganin babbar takarda.

Daga Akra tashar Kaneshie za ka nufa, nan motocin yamma suke lodi, na Cape Coast da na Takoradi. Akwai torotoro, wato ƙananan bas ɗin da ake cusa mutane, akwai kuma masu esi da suka ɗan fi tsada, ni dai shawarata ka ƙara kuɗin ka shiga mai esi. Tafiyar kusan kilomita 150 ce, a takarda ba nisa, amma akwai wani gari Kasoa a bakin fita Akra da gosulonsa kaɗai zai iya cinye maka awa guda ko fiye, shi ya sa ake so ka bar tasha da an idar da sallar asuba. In ka wuce nan hanya ta buɗe, ka wuce mahaɗar Winneba, ka wuce Mankessim tsohuwar cibiyar ƙabilar Fante, Saltpond, Anomabo, daga nan za ka fara hango teku ta hannun hagu tsakanin itatuwan kwakwa, in kana son kallo ka zauna ɓangaren hagu tun daga tasha. Wanda ya taho ta Kumasi ba sai ya bi ta Akra ba, akwai hanya kai tsaye ta Assin Fosu.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Daminarsu kashi biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa farkon Yuli, Mayu da Yuni su ne ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta akwai sanyi-sanyi mai daɗi. Disamba ba ruwa amma akwai mutane, tun shekarar 2019 da gwamnatin Ghana ta yi gangamin kiran baƙaƙen fatar Amurka da sauran ƙasashe su dawo su ga tushensu, duk ƙarshen shekara cika ake yi, kuɗin ɗaki ya hau. In biki kake son gani, Elmina suna yin Bakatue a Talatar farko ta Yuli, Cape Coast kuma Fetu Afahye a Asabar ɗin farko ta Satumba, sarakuna a bisa kafaɗun mutane ƙarƙashin manyan laima, ƙungiyoyin asafo, wato mayaƙan gargajiya na gari, da tutocinsu da bindigogin toka. Bukukuwa ne na gargajiyarsu, akwai zuba giya a ƙasa da yanke-yanke, kallo ne ya kai ka to ka tsaya a kallon. Sannan ka riƙe wannan: ranar Talata masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, don haka in hada-hadar kifi kake son gani kar ka sa ta a Talata.

Masauki akwai kala-kala, daga gidan baƙi mai fanka a cikin gari har otal-otal na bakin teku da ke tsakanin garuruwan biyu da bayan Elmina. Kafin ka biya ka ce a nuna maka ɗakin, ka murɗa famfo ka ga ruwa na zuwa, ka duba ragar taga don sauron bakin teku ba ya wasa. Mai iyali ya guji masaukin da ke manne da mashaya, daren Juma'a da Asabar kiɗa ne har asuba ta gabato. Da ka ajiye jaka abu na farko ka ce a kai ka kasuwar Kotokuraba, ita ce babbar kasuwar Cape Coast, a nan ka tambayi zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi. Za ka samu masallaci, za ka samu mahauci Musulmi, za ka samu masu jin Hausa, Hausar ta ɗan bambanta da ta gida, za ka ji an ce wa mace ya zo, kar ka tsaya gyara wa mutane harshe kai da ka zo baƙunta. Akwai kuma masallatan Ahmadiyya da dama a yankin, tun 1921 suka kafa a Saltpond, wanda yake son sanin bayan wa zai yi sallah sai ya tambaya.

Kafin ka shiga kasul ɗin, haka kowa ke kiran manyan gine-ginen Turawan a can, yana da kyau ka riƙe tarihin a taƙaice don kar ɗan jagora ya yi ta zuba kai kana gyaɗa kai kawai. Mutanen wurin Fante ne, masunta, su Oguaa suke ce wa Cape Coast, kuma ƙaguwa ce tambarinsa, za ka ga gunkinta a tsakiyar gari. Turawan Fotugal suka fara isowa gaɓar nan a 1471, kuma ba mutane suka zo nema ba da farko, zinariya ce ta kawo su, a 1482 suka gina na Elmina, wanda har yau shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara. Na Cape Coast ya zo daga baya sosai, 'yan Suwidin ne suka kafa shi da katako a 1653, aka yi ta ƙwace da ƙwace tsakanin Turawa da juna har da sarakunan wurin, sai a 1664 ya faɗa hannun Ingila ya zauna. A wannan tsakanin ne gonakin rake na can tsallaken teku suka buɗe baki suna neman hannu, mutum ya zo ya fi zinariya riba, ɗakunan ajiyar kaya suka koma na ajiyar mutane. Ingila ta haramta cinikin a 1807. Garin ya ci gaba da zama mazaunin gwamnan mulkin mallaka har 1877 da aka mayar da hedikwata Akra, daga baya kuma aka gina tashar jiragen ruwa a Takoradi a 1928, ciniki ya bi can, Cape Coast ta yi kwance. Wannan kwanciyar ce ta sa tsofaffin benaye na 'yan kasuwar wancan zamanin suke nan ba a rushe su an yi filaza ba, wasu sun tsattsage wasu ana ciki har yanzu. Abin da ya rage wa garin shi ne boko, makarantar Mfantsipim da aka kafa a 1876 nan Kofi Annan ya yi karatu, ga jami'a tun 1962, shi ya sa duk inda ka juya ɗalibai ne.

Kasul ɗin Cape Coast ka ba shi safiyar farko, wajen ƙarfe tara suke buɗewa, ka riga motocin 'yan makaranta isa. A bakin ƙofa wasu samari za su tare ka da fara'a, sannu da zuwa, daga ina, ya sunanka. Ka faɗa ka wuce abinka, to lokacin da za ka fito za ka tarar an rubuta sunan naka da fenti a jikin wata katantanwar teku har da kwanan wata, an miƙo maka, kuma ga shi sunanka ne a jiki, kunya ba za ta bari ka ce ba ka so ba. Ba cuta ba ce, neman abinci ne, amma in ba ka da niyyar saye to ka gaisa kawai kar ka ba da suna. A ciki za ka yanki tikiti, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kar ka tsaya musu ko ka ce kai ɗan Ghana ne, da ka buɗe baki za su gane. Tikitin ya haɗa da ɗan jagora, a rukuni ake zagayawa da Turanci, in Turancinka bai nuna ba ka taho da wani daga zango ya riƙa fassara maka, in an gama kuma a ɗan ba ɗan jagoran na goro.

Wurin da za a fara kai ku shi ne kurkukun maza. Gangara ce kuke bi ƙasa, haske na raguwa, iska na yin nauyi, sai ga ku a ɗakuna na dutse masu rufin baka, can sama kusa da rufi 'yar kafa ce kawai ke shigo da haske. Ɗan jagora zai nuna muku wata 'yar kwata da aka sassaƙa a tsakiyar daɓe, zai kuma ce ku dubi abin da kuke takawa, wai ba dutse ba ne zalla, abin da ya fita daga jikin mutane ne shekara da shekaru ya taru ya daskare. Ɗaruruwan mutane ake cusawa a nan, a ɗaure, makonni wani lokacin watanni, ana jiran jirgi. A ɗaki na ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen garin da suke kira Nana Tabir, daidai inda aka toshe bakin ramin da ake bi da bayi zuwa teku, wani lokacin za ka tarar da mai kula da shi zaune, ba dole ka ajiye komai ba, ka wuce dai da mutunci. In kun fito ka ɗaga kai ka dubi abin da ke bisa kurkukun daidai, coci ne, a nan Turawan ke ibadarsu ranar Lahadi mutane na ƙarƙashin ƙafarsu. Akwai wani ɗaki kuma na waɗanda suka yi tawaye, shi ko kafar ma babu, ba ruwa ba abinci har rai ya fita, ɗan jagora yakan shigar da ku ya kashe fitila na ɗan lokaci, mai hawan jini ko mai asma ko wanda ba ya jure matsatsi ya tsaya a waje ba wanda zai ce masa don me. Daga nan a hau da ku bene ɗakin gwamna, tagogi ta ko'ina, iskar teku na kaɗawa. Gaskiya wannan hawan benen ya fi kurkukun tayar min da hankali.

A nan sai na roƙi 'yan uwa abu ɗaya. A rukuninku da wuya a rasa baƙaƙen fata daga Amurka ko Jamaika, za ka ga dattijuwa ta dafa bango tana kuka, wasu sun zo da furanni sun ajiye. Kar ka ɗauke su bidiyo, kar ka yi ta dariya da abokinka, wayarka a sa ta a shiru, su kakanninsu suka zo yi wa ta'aziyya. Ƙarshen zagayen ita ce ƙofar da ake ce wa ta tafiya ba dawowa, wadda Obama ma ya tsaya a bakinta da iyalinsa a Yulin 2009, in aka buɗe ta sai ka ga kanka a tsakiyar masunta, kwalekwale fenti kala-kala da tutoci, ana ɗinkin koma, yara na guje-guje. Kar ka fita ba ka shiga gidan tarihin da ke sama ba, akwai mari da sarƙoƙi da ƙarfen da ake yi wa mutane lamba, a tsakar gidan kuma akwai kaburbura, ciki har da na Philip Quaque, ɗan garin ne, shi ne baƙar fata na farko da cocin Ingila ya naɗa limami, ya kuma koyar da yara a cikin ginin.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, ai tarihin mutanen kudu ne da Turawa. Ba haka ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga can arewa aka gangaro da su a ƙafa. Kuma fataken Hausa da muke alfahari da su, masu zuwa Gwanja sayen goro, cikin abin da suke kaiwa kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ban da tufafi da kanwa da dabbobi har da bayi, duk da cewa ƙarfin wannan fataucin ya zo ne bayan an hana na teku. Sannan sojan Hausa da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya fara tarawa a Legas a 1863, an kawo su gaɓar nan, da su Ingila ta yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa, kuma daga Cape Coast rundunar ta tashi. Zangunan da ke garuruwan bakin tekun nan da tsofaffin sojoji da fatake suka kafu. In ka samu dattijo a zango bayan la'asar ka tambaye shi daga ina kakansa ya zo, za ka sha labari.

Ranar da ka shiga kasul ɗin Cape Coast kar ka haɗa da na Elmina, zuciya ba ta ɗauka, na biyun sai ya zame maka maimaici. Da yamma ka hau tudun Fort William inda tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, ka kalli garin daga sama, ya isa.

Washegari sai Elmina, kilomita 12 ko 13 ce yamma, tasi ta haɗaka na zuwa kullum, ka ce ta haɗaka kake so in ba haka ba direba zai ɗauka shata ka yi. Je da sassafe ka tsaya kan gadar da ke bakin kasul ɗin, inda tafkin Benya ke haɗuwa da teku, lokacin kwalekwalen da suka kwana a ruwa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ƙafarka, mutane cike da gada suna tafi suna kiran sunayen nasu, mata da manyan bahuna na almini suna kutsawa, ƙarni da hayaƙin bandar kifi ko'ina. Wallahi ko don wannan kaɗai zuwan ya biya. Ka riƙe wayarka da kyau, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki matan kasuwar hoto, ba sa so, za su wanke ka tas da Fante. Shi kasul ɗin ya fi na Cape Coast tsufa da kusan shekara 170, Holan ta ƙwace shi daga Fotugal a 1637 ta hanyar hawa da igwa kan tudun da ke fuskantarsa ta yi ta ruwan wuta, shi ya sa da suka ci suka gina wani sansanin a kan tudun don kar wani ya yi musu irin abin da suka yi, shi ne St. Jago, ka daure ka hau, daga can ne hoton garin yake fita. A ciki za a nuna maka tsakar gidan mata da barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, da matakalar da ake hawa da ita ɗakinsa. Za a nuna maka ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo, daga can Seychelles, bai dawo gida ba sai 1924. Filin da za ka gani fayau a gefen ginin kuma nan tsohon garin yake, Holan ta miƙa wa Ingila wurin a 1872, mutanen gari suka ƙi yarda, a Yunin 1873 Ingila ta yi masa luguden wuta ta ƙone shi, ba a sake gini a wurin ba. In ka shiga lunguna za ka riƙa cin karo da wasu gine-ginen siminti masu gumakan jirgin ruwa da sojoji da dabbobi, posuban ake ce musu, na ƙungiyoyin asafo ne.

Dajin Kakum kuma yana arewa da Cape Coast, kilomita 30 da 'yan kai. Abin da ke kai mutane shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995, guda bakwai ne a jere daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu duka ya haura mita 300, daga ƙasa kuma wajen mita 30 zuwa 40. Abin takawar bai fi faɗin bencin mai shayi ba, raga ce ta gefe da gefe har kusan ƙirji, kuma tana lilo, musamman in wani ɗan iska a bayanka ya ce zai yi tsalle. Ka sa takalmi mai kama ƙafa, silifas da babbar riga a bar su a masauki, mata su sa wando a ƙarƙashin abaya su ɗaure mayafi da kyau, hannu biyu ake so a sake. Kafin a kai gadar akwai hawan tudu mai sa haki, ka riƙe ruwa. Wanda ya hau ta farko ya ji ƙafarsa na rawa akwai gajerar hanyar da ake yankewa a fita, ba abin kunya ba ne. Kar ka sa rai da ganin giwa, akwai su a dajin amma suna can ciki nesa da hayaniya, kai dai tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da kan bishiyoyi har iya ganinka. Nan ma sammako, kuma ka guji Asabar da ranakun hutu. In shatar tasi ka yi ku gama magana tun a gari cewa zai jira ka ya dawo da kai, kuma kar ka biya duka sai an dawo.

Sai maganar teku, wadda ita ce ta fi damuna da mutanenmu. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam ɗin garinsu sai ya ɗauka ya iya ruwa. Tekun nan daban ne, raƙuman ruwansa na da ƙarfi, kuma akwai wani jan ruwa ta ƙasa da ke kwashe ƙafar mutum ya yi ciki da shi, wurin da ka ga ya fi lafawa tsakanin kumfa biyu sau da yawa nan ne hanyar jan. Ka tsaya iya gwiwa, yara a riƙe da hannu, kar ka juya wa ruwan baya don ɗaukar hoto. In tsautsayi ya sa ya ja ka kar ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare, ka bi gefe-gefe har ka fita daga jan, kana ɗaga hannu. Bakin ruwan da ke cikin gari wurin aikin masunta ne, ba shi da tsafta, na shaƙatawa sai ka fita gari, Brenu a yamma da Elmina ko wajen Anomabo a gabas, yashi mai kyau da inuwar kwakwa, ranakun aiki ba kowa sosai, mai iyali da ba ya son ganin tsiraici sai ya zaɓi irin ranakun.

Abinci ba za ka sha wuya ba. Da safe koko da ƙosai, su kansu mutanen Ghana kokon Hausa suke ce masa, ga wake da shinkafa irin nasu mai ja da ake dafawa da karan dafi, a zuba maka shito, wani baƙin yaji ne da aka soya da mai da garin kifi, ka fara da kaɗan. Amma kar ka je bakin teku ka ƙare a abincin gida, ka ci dokunun Fante, ƙullun masara ne mai tsami da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da albasa, ka kuma nemi miyar da suke kira fante-fante, ɗanyen kifi ne a manja da tumatir. Nama ne wurin lura, ana sayar da alade a fili kuma ana sa naman daji a miya, wani lokacin a haɗa nama kala biyu uku a tukunya ɗaya, don haka a gidan abincin da ba ka sani ba ka tsaya a kifi kuma ka tambaya me da me ke cikin miyar, in tsire kake sha'awa da dare masu tukubar galibi namu ne.

In kwana uku ka yi, na ƙarshen ka ba Assin Manso, wajen kilomita 40 a kan hanyar Kumasi, nan ne rafin da ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa a sayar, a 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne a wurin. Mai komawa ta Kumasi a kan hanyarsa take, sai ya sauka ya gani ya tari wata motar. Mai komawa Akra kuma ya tsaya mahaɗar Yamoransa ya sayi dokunu na tsaraba, an jera shi tuli-tuli a bakin titi kuma yana kwanaki bai lalace ba. Kar dai ka taso ranar Lahadi da yamma, kowa lokacin yake komawa, kuma in jirgi za ka hau kar ka yanki tikitin ranar da za ka baro Cape Coast, ka kwana a Akra tukuna, Kasoa ba ta san kana da jirgi ba.